Kiɗa da Kalma a Simfoni na Takwas na Mahler

Ranar 12 ga Satumba, 1910, Gustav Mahler ya jagoranci makaɗa 171 da mawaƙa 858 a birnin Munik na Jamus, aka fara jin Simfoninsa na Takwas, watau dogon kiɗan da wasu ke ɗauka bakandamiyarsa. Kashi biyu gare shi: na farko tsohuwar waƙar addu'a ce da harshen Latin, na biyu kuwa ƙarshen wasan Faust ne na Goethe, da Jamusanci. Abin da zai dami manazarcin harshe shi ne, in taro ya kai haka, ina makomar kalma?

Ma'auninmu a nan shi ne faifan da Georg Solti ya yi da makaɗan Shikago a Viyana cikin 1971. A kashi na farko Solti ya saki linzami. Sauri da ƙarar ƙahonni sun haɗiye baƙaƙe, wasula kaɗai ke isa kunne. Wanda bai riƙe matanin a hannu ba zai zaci kirari ake yi, alhali roƙo ne. Masu yabon faifan ƙarfi suke kiran wannan. A ganina hasara ce, ko da yake da hannun Mahler a ciki, don shi ya yi ta ɗora murya bisa murya.

Amma a baitocin ƙarshe na kashi na biyu, inda mawaƙa ke farawa kamar masu raɗa, Solti ya ja makaɗa baya, ya yi haƙuri. Nan ne kowace gaɓa ta Goethe ta fito sarai, har mai sauraro ya ji inda ake numfasawa.