Tsokaci Kan Dokar Gidaje ta Amurka: Wa Aka Bari a Waje?

A farkon zuwana ƙasar nan karatun digiri na biyu, na raka wani abokin karatuna mai amfani da keken guragu neman ɗakin haya. Gida biyar muka zagaya. A na ƙarshe mai gidan ya tarbe mu da fara'a, ya ce shi ba ya nuna wa kowa bambanci, sannan ya nuna mana matakala shida da ke tsakanin titi da ƙofar shiga. Ba a kore mu ba, amma kuma ba mu shiga ba. Wannan ne ya sa na zauna na karanta dokar da ake ta yabo, wato dokar adalci a harkar gidaje.

Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa mata hannu a watan Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King. Ta haramta hana mutum haya ko sayen gida saboda launin fata, addini ko ƙasar asali. An ƙara jinsi a 1974, sai naƙasa a 1988. Dole a yaba mata, domin mu baƙaƙen fata kuma baƙi, a inuwarta muke samun wurin kwana.

To amma fa inuwar ba ta kai ko'ina ba. Sharaɗin gina gida yadda keken guragu zai shiga ya hau ne kawai kan gine-gine masu sassa huɗu zuwa sama da aka fara zama cikinsu bayan 13 ga Maris, 1991. Tsofaffin gidaje, waɗanda su ne ɗalibi da talaka ke iya biya, sun tsira. Naƙasasshe na da izinin gyara ɗakin da ya kama, amma a gidajen 'yan kasuwa daga aljihunsa kuɗin zai fito. Wanda ke fama da kuɗin haya, ina ya ga na faɗaɗa ƙofar banɗaki? Ba mamaki da fiye da rabin koke-koken wariyar gidaje da ake shigarwa a shekara kan naƙasa ne.

Giɓi na biyu ya shafi masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Dokar ba ta ambace su da suna ba. Ma'aikatar gidaje ce ta fitar da ƙa'ida a 2012 cewa kada a hana su gidajen da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, ta faɗaɗa ta a 2016 zuwa gidajen kwanan marasa galihu. A 2020 aka nemi sassauta ta, a 2021 aka janye wannan yunƙuri, a Fabrairun 2025 kuma sakataren ma'aikatar, Scott Turner, ya ba da umarnin dakatar da aiwatar da ƙa'idar 2016. Jihohi irin su Kalifoniya da Minesota suna da nasu dokokin kariya, wasu kuwa babu. Ke nan makwancin mutum ya koma ya danganta da wanda ya ci zaɓe da kuma jihar da dare ya riske shi.

Na san da yawa daga cikinmu za su ce wannan ba maganarmu ba ce, saboda addini da tarbiyyar da muka taso a kai. Ba ina neman kowa ya sauya aƙidarsa ba ne. Tambayata ita ce, a daren da ƙanƙara ke zuba, mai gadin gidan kwana zai duba sanyin da ke jikin mutum ne ko zai tsaya binciken rayuwarsa? Akwai masu fargabar tsaron mata a ɗakunan kwanan haɗaka, kuma fargabar ba abin wasa ba ce. Sai dai maganinta ƙarin ɗakuna masu sirri da ma'aikata masu lura, ba tura mutum ya kwana a tashar bas ba.

Kada mu manta, hujjar da ake rufe wa wani ƙofa da ita yau, wato “ba irinmu ba ne”, ita ce aka rufe wa baƙar fata ƙofa da ita kafin 1968. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shi kuwa abokin nawa, sai da ya yi zangon karatu guda yana shafe sa'a ɗaya a bas kafin ya iso aji.