Padmashali: masaƙan da ke zana ado tun zane yana zare

A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, sai an gama saƙa farin ƙyalle sannan a ƙulle shi a tsoma a baba. Masaƙan Pochampally, wani gari mai nisan kimanin kilomita 50 daga Haidarabad a jihar Telangana ta Indiya, ta baya suke biyo wa aikin. Zaren suke ƙullewa su rina tun ba a fara saƙa ba, ta yadda duk fure ko aku ko giwar da za ta fito a jikin zanen tana kwance a zaren, gutsure-gutsure, tana jiran a haɗa ta. Ikat ake kiran wannan fasaha, kuma yawancin masu yin ta a yankin 'yan Padmashali ne, jama'ar Hindu masu jin yaren Telugu da suka gaji saƙa kaka da kakanni.

Da wadari ake farawa, wanda su suke kira asu. Mace ce galibi ke zama gaban wani katako mai turaku tana kai zaren siliki tana komowa da shi, har sau 9,000 kafin a sami na zanen sari ɗaya. Daga nan sai a ja zaren ya miƙe, a shata adon a kansa, a ɗaure duk inda ba a son rini ya shiga da tsinken robar tayar keke. A tsoma a launi mai haske, a kwance wasu ƙulle-ƙullen, a ɗaure wasu, a sake tsomawa a mai duhu. Kowane launi da nasa zagayen.

Wurin da gwaninta take shi ne lokacin da aka rina zaren tsaye da abawa duka biyun. Masaƙin yana zaune, ƙafafunsa a rami suna taka itatuwan saƙa. Duk jifan ƙoshiya ɗaya sai ya tsaya ya gyara zaren da yatsa, domin jan da ke jikin abawa ya faɗa daidai kan jan da ke jikin zaren tsaye. Idan aka yi kuskuren ƙirga tun wajen ɗauri, babu gyara, don rini ya riga ya kama. Ke nan tun makonni kafin zanen ya samu, mutumin nan ya gan shi a kansa, ya rarraba shi zare-zare, ya san inda kowane ɗigo zai sauka. Wannan lissafi ne tsantsa, kuma wuraren da ake iya shi a duniya ba su da yawa: Indiya da Indonesiya da Japan. A ƙauyen Puttapaka ma har jiƙa zaren auduga ake yi da mai na tsawon kwanaki kafin a rina, don yin ƙyallen telia rumal mai launin ja da baƙi da fari.

To, ina al'umma ta ajiye masu wannan basira? A labarin da suka gada, Padmashali suna danganta kansu da wani babban malamin addininsu, Markandeya, ta hanyar Bhavana Rishi, wanda suka ce shi ya fara saƙa wa alloli tufafi da zaren furen bado, kuma daga 'ya'yansa 101 dangoginsu suka fito. Mazansu da yawa suna rataya zaren ibada a kafaɗa kamar yadda Brahman, 'yan ɗabaƙar malaman addini, ke yi. Amma tsarin ɗabaƙa na Hindu bai ba su wannan kujera ba, ya jera su ne tare da masu sana'ar hannu. A yau gwamnati ta sa su cikin jerin al'ummomin da aka bari a baya, waɗanda ake ware wa gurabe a makarantu da aikin gwamnati. Abin yana taɓa zuciya: mai sa tufa yana sama, mai saƙa ta yana ƙasa.

Kasuwa ma ba ta raga musu ba. A ƙarni na 19 yadin masana'antun Ingila ya cika Indiya, kuma da tafiya ta yi tafiya dubban iyalai suka yi ƙaura zuwa Solapur da Bhiwandi da Bombay neman aikin inji. A garin Sircilla, bashi ya kai masaƙa da dama ga kashe kansu.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba, kuma daga cikin gida aka ceto wani ɓangare nata. Chintakindi Mallesham, ɗan masaƙa da bai yi karatu mai zurfi ba, ya taso yana ganin kafaɗar mahaifiyarsa Lakshmi tana ciwo saboda wadari. Ya shafe shekara 7 yana gwaji, a 1999 ya kammala injin da ya mayar da aikin kusan awa 5 zuwa awa ɗaya da rabi. Ya sa wa injin sunanta. A 2017 ya karɓi lambar girmamawa ta ƙasa, Padma Shri, wadda gwanin telia rumal Gajam Anjaiah ya samu a 2013. A 2021 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa Pochampally cikin ƙauyukan yawon buɗe ido mafiya kyau na duniya.

Babban abokin gabarsu yanzu shi ne jabun yadi da inji ke buga wa adon ikat a sayar da araha. Don haka, mai karatu, idan irin wannan zane ya zo hannunka, juya bayansa. Na gaske launinsa ɗaya ne ciki da waje, gefen adonsa yana da ɗan hazo inda rini ya tsarga ƙarƙashin ɗauri. Idan ka ga haka, ka biya kuɗinsa ba tare da ka taya da wulaƙanci ba.