Waya Ɗaya, Teburi Biyu

Tun daga shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka garƙame ofisoshi, har zuwa watan Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur kuɗin mota ya haura, wata al'ada ta yi ta shigowa cikin ma'aikata sannu a hankali, wato raba mako gida biyu, wasu kwanaki a ofis, wasu a gida. Ni ma ina cikin wannan jama'a, domin kwana uku nake yi a Dutsin-Ma, sauran biyun kuwa a zaurena na Kurfi nake buɗe kwamfuta, in hutar da aljihu da ƙashin baya. Garin Dutsin-Ma kuwa, tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011 ta zo ta tarar da Kwalejin Isa Kaita, ya cika da masu rataye da jakar kwamfuta, kuma inda irin wannan jaka ta yi yawa, nan 'yan kasuwa suke kawo sabon yayi.

Yayin da ake ciki yanzu shi ne ɗan akwatin haɗi da ake ajiyewa a teburi, a jona masa babban allo da madannai da caja, sa'an nan a haɗa shi da kwamfuta da waya guda tak, mai tsadar da za ta sa mai albashi ya yi jim. Wani matashin abokin aikina, da ya gan ni ina fama da wayoyi huɗu kamar mai kwance dabaibayi, ya ce, "Malam, ai ka saya kawai, in ka zo ka soka ɗaya shi ke nan." Na yi masa alkawarin nazari.

Adalci ya wajabta mini in fara da cewa bambancin da masu sayarwa suke faɗa tsakanin wayoyi haƙiƙa ne, ko da yake ido ba ya ganinsa, domin wayoyin USB-C duk bakinsu ɗaya ne, cikinsu ne ya sha bamban. Wayar caji ta gama-gari wat 60 take ɗauka, saƙon da take turawa bai wuce megabit 480 a daƙiƙa ba, kuma ba ta kai hoto zuwa allo. Wadda za ta ɗauki wat 100 sai an dasa mata 'yar ƙwayar lantarki a bakinta da za ta shaida wa caja ƙarfinta. Ita kuwa Thunderbolt 4, da kamfanin Intel ya fitar a 2020, gigabit 40 take turawa, ninki tamanin da 'yan kai ke nan. Mummunar waya ma tana iya yin ta'adi: a 2016 wani injiniyan Google, Benson Leung, wanda ya ɗauki gwajin wayoyin kasuwa tamkar aikin hisba, wata da aka haɗa ta a karkace ta ƙona masa kwamfuta. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala a gaban malamin zaure ya san hukuncin algus, da na sayar da abin da mai saye ya jahilci cikinsa, kuma ban san hajar da wannan babi ya fi dacewa da ita a yau kamar waya ba. Ni ma an taɓa sayar mini da wata a wani shago, kwalinta ɗauke da alkawura, na kai gida allon ya ƙi ko ƙyaftawa.

Amma fa tabbatar bambanci daban, tabbatar buƙata daban. Imam Shaɗibi na Andalus, a cikin Muwafaƙat, ya kasa maslahohi kashi uku, na larura da na buƙata da na ƙawa, kuma kuskuren da nake gani a teburan abokaina shi ne ɗaukar na uku a ɗora shi a gurbin na farko. Mafi yawanmu kwamfuta ta hannu muke riƙe da ita, tsofaffin HP da Dell da suka gama aiki a ofisoshin Turai, waɗanda da dama cikinsu ƙofarsu ba ta san Thunderbolt ba, wasu ma ba su karɓar caji ta USB-C sam. Wanda ya sayo wa irin wannan kwamfuta wayar gigabit 40 ya yi wa jaki sirdin doki ne, tafiyar ba za ta ƙaru ba. Aikin namu kuma, in an cire 'yan ƙalilan masu tace bidiyo, rubutu ne da lissafin maki da taro ta Zoom, wanda ƙarfin intanet ɗin wayar hannu ke yanke masa hukunci tun kafin maganar waya ta taso.

Sa'an nan ga wuta. Akwatin haɗi, irin mai caja kwamfuta, sai da wutar bango yake aiki, babban allon ma haka, alhali a Kurfi ana iya wuni ba a ga ƙyallinta ba, in kuma aka kawo ta, wani lokaci da ƙarfin da zai hallaka caja take zuwa. Teburin da aka ƙawata da kuɗi masu yawa, da zarar an ɗauke wuta, ya koma ƙaramin allo da batir mai rabin rai. A nan larurar take: batir mai lafiya, da sola da inbata gwargwadon hali, da soket mai kare kaya daga hawan wuta.

Da na koma wa abokin nan nawa, sai na ce masa, "Kai da kake tace bidiyo a sabuwar kwamfuta da allo biyu, wayar Thunderbolt ta halatta maka, sai dai ka sayi gajera, domin marar ƙwayar ƙarfafa saƙo in ta wuce santimita 80 gudunta na iya raguwa." Ni kuwa matsakaiciya na saya, mai wat 100 da ke kai hoto, guda biyu, na bar ɗaya a Dutsin-Ma ɗaya a Kurfi, saboda naɗewa da kwancewa a jaka ne ke karya wuyan waya. Ragowar kuɗin na sauya batir da shi, na kuma sayi ƙyallen rufe teburi, don ƙurar hunturu ta fara shiga ƙofofin kwamfutar.