Hannun da Ya Iya Rainon Lalle

Baƙon da ya zo Janbako, ko ya bi ta Talata Mafara da Bakura, noman rani ne zai fara cika masa ido: shinkafa da tumatir da albasa, suna shan ruwan madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Wannan noma ya sha yabo, kuma ya cancanta. Amma akwai wani da ba a ganinsa daga titi, domin a bayan ɗaki yake, a gindin katanga, kuma galibi a hannun iyayenmu mata. Shi ne rainon lalle, kuma ni a wurina gwanintar da ke cikinsa ba ta gaza ta mai fadama ba.

Gwanar lalle ba ta cika damuwa da iri ba, don ƙwayarsa tana da taurin kai wajen tsira, sai an jiƙa ta kwanaki. Reshe take yankowa daga bishiyar da ta san lallenta yana kamawa, wanda ya ƙosa amma bai tsufa ba, kamar kamu ɗaya, ta zage ganyen ƙasa, ta dasa shi da faɗuwar damina. Ta haka ɗan yake gadon uwarsa sak. Wurin dashen ma zaɓarsa take yi: inda rana ke duka tun hantsi, ƙasa mai jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya. Kusa da makwarara ya yi, amma ba cikinta ba, don reshen da ya zauna cikin taɓo ruɓewa yake yi kafin ya yi saiwa. Ta zuba ɗan takin awaki da ya ruɓe, ta kewaye da ƙaya saboda awakin da suka ba da takin.

Daga nan sai abin da ya fi burge ni, wato sanin lokacin janye hannu. Da zarar lalle ya kama ƙasa, ba ya bukatar a yi ta yi masa banruwa safe da yamma kamar tumatir. Ɗan zafi ne. Zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Zamfara, wanda kan haura digiri 40 ya sa sauran tsirrai su yi laushi, shi bai dame shi ba, har ma a irin wannan yanayi ne ganyensa ya fi tara launi. Sanyin hunturu ne ke sa shi kaɗe ganye ya yi kamar ya mutu. Wadda ba ta sani ba sai ta tuge shi ta yar. Wadda ta sani ta bar shi, ta jira bazara.

Sai aski. Lalle in an sake shi zai zama bishiya mai tsawon mita biyar ko shida, tsofaffin rassansa su yi tsini kamar ƙaya, ganyen ya ragu. Gwana ba ta barin haka. Takan datse shi ƙasa-ƙasa sau ɗaya ko biyu a shekara, ya sake tofo sababbin rassa, domin a sabon ganye ne sinadarin da ke ba da jan launi ya fi yawa. Masana suna kiran sinadarin lawsone, kuma galibi bai wuce kashi 2 cikin 100 na busasshen ganye ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin ake yi wa duk wahalar. Manoman Sojat a jihar Rajasthan ta Indiya, waɗanda lallensu ya zagaya duniya har gwamnatinsu ta yi wa sunansa rajistar kariya a 2021, su ma haka suke yi, suna girbe shi daga gindi, tushen ya yi shekaru yana tofowa. A nan gida, wasu matan kan bar reshe ɗaya ko biyu ba aski saboda furen kawai, ƙananan farare masu ƙamshin da ke cika tsakar gida da dare. Ina ganin sun yi dabara.

Shanya ma ilmi ce. A inuwa ake baza ganyen a kan tabarma, inda iska ke ratsawa, ana juya shi, ya bushe yana nan kore shar. Wanda aka bari rana ta dafa, ko raɓa ta taɓa shi ya yi baƙi, ya rage ƙarfi. Sai turmi da taɓarya, sai rariya mai laushi, a tankaɗe a maimaita, a adana garin a rufe. Ranar ƙunshi a kwaɓa da ruwa, wasu su ɗiga lemon tsami, a bar shi ya jiƙu kafin a ɗaura. Sinadarin yana manne wa fata ne, ya fi kamawa a tafin hannu da na ƙafa inda fatar ke da kauri, shi ya sa iyaye suke sa hannu a zunguru ko su naɗe ƙafa a kwana da shi. Launin kuma yakan ƙara nuna bayan kwana ɗaya ko biyu.

Yau 'yan mata da yawa sun koma ga dayis, wato baƙin lalle, don yana kamawa nan take. Dayis ɗin galibi yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda ke sa wasu ƙaiƙayi da kumburi, har ya bar tabo. Lallen gida ba kasafai yake haka ba, sai dai a kiyaye shafa shi ga jarirai, domin yana iya farfasa jinin waɗanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD.

'Yar'uwa, idan akwai Inna ko Gwaggo a unguwarku da lalle a bayan ɗakinta, ki je ki roƙi reshe kafin ruwan Yuni ya sauka, ki kuma tsaya ki ga inda take ɗora wuƙa.