Jinjina ga Zumuntar Mata Masu Rera Zabura

Duk wanda ya ratsa unguwannin Sabon Tasha, Narayi ko Television a Kaduna da safiyar Lahadi ya san muryar Zumuntar Mata. Zani iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, wata ta rungume tulu tana buga bakinsa da tafin hannu, jagora ta ba da waƙa, saura su amsa. Na jinjina musu, domin su ke riƙe da Zabura a bakin jama'a.

Waƙoƙi 150 ne, an kasa su littafi 5, kowane littafi kuma da yabon Ubangiji yake rufewa. Mawaƙan Ibraniyawa ba su dogara da amsa-amo ba. Layi na farko zai faɗi magana, na biyu ya maimaita ta da wasu kalmomi ko ya ƙara mata nauyi. Zabura ta 136 ma amshi guda take maimaitawa a ayoyinta 26. Kunnen da ya tashi da waƙar daka ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Jigogin kuwa ba sa canjawa: makiyayi, mafaka, maƙiya sun kewaye mutum, kukan da kan juye ya zama godiya. Matan da suka kwashe 'ya'yansu suka ƙetaro kogi a rikicin shekarar 2000 sun san wannan kukan farin sani, shi ya sa ba sa rera shi da gaggawa.

Bajju ce, Atyap ce, Gbagyi ko Adara, da Hausa suke rerawa, harshen da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a cikinsa tun 1932.