Fim ɗin da ya ƙi ba mu amsa

Daren Asabar a fadarmu ta Birni, muka kunna Caché, fim ɗin Michael Haneke na 2005. Kafin a sauke shayi na farko, mutum uku sun koma kan wayoyinsu. Wani ya ce, "Kai, fim ɗin ne ya tsaya ko na'urar ce ta lalace?" Yana da hujja. Kamara ce a kafe tana kallon ƙofar wani gida a Paris, ba kiɗa, ba motsi. Sai daga baya muka gane kaset ne muke kallo, wanda wani ya aiko wa maigidan, Georges.

Wa ya aiko shi? Har fim ya ƙare ba a faɗa ba, kuma nan ne 'yan fada suka ce an cuce su. Ni ban yarda ba. Kaset ɗin ya tono abin da Georges ya binne. Yana ɗan shekara shida ya yi wa Majid ƙarya, yaron da iyayensa 'yan Aljeriya suka ɓace a kisan da 'yan sandan Paris suka yi ranar 17 ga Oktoba 1961. Ƙaryar ce ta sa aka kai Majid gidan marayu. Jinkirin fim ɗin shi ne lokacin da muke bukata mu lura cewa duk sanda aka tambayi Georges, sai ya kauce.

A ajin nazarin harshe muna koyon cewa abin da mai magana ya tsallake ma yana da ma'ana. Mu da muka tashi cikin kawaici, muka san matar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, bai kamata shiru ya gundure mu ba. Kuma mu bambanta shi da jan labari irin na wasu finafinai masu dogon zango, inda ake maimaita rigima ɗaya don a cika sati.

Masu sharhi ma sukan makara. Vertigo na Hitchcock bai burge da yawansu ba a 1958, amma a 2012 ƙuri'ar mujallar Sight and Sound ta ɗora shi a kan gaba. Caché kuwa a shekararsa ya ci kyautar ba da umarni a Cannes.

Duk da haka ina da ƙorafi. Majid bai samu bakin magana sosai ba. Zafinsa ya zama madubin da Bature ke duba lamirinsa. Aïcha Macky, a fim ɗinta Zinder na 2021, ta bi samarin Kara-Kara a sannu, ta bar su suka faɗi nasu da bakinsu. Nata labarin gaske ne, amma irin haƙurin da nake so masu shirya mana finafinai su ɗauka ke nan.

Asabar mai zuwa za mu sake kallon Caché. Sharaɗi ɗaya: waya a aljihu.