Ba Tausayi Ne Ya Kai Otis Redding Mataki Na Ɗaya Ba

Faifan da ke gabanmu yau a filinmu na sharhin waƙoƙi bai cika minti uku ba, amma an shafe fiye da shekara hamsin ana gardama a kansa. Shi ne "The Dock of the Bay" na Otis Redding, wanda kamfanin Stax na birnin Memphis ya fitar ranar 8 ga Janairun 1968 da tambarin reshensa na Volt. Ranar 16 ga Maris ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙi ɗari mafiya kasuwa a Amurka, ya yi mako huɗu babu mai ture shi. Mawaƙin kuwa ya riga ya kwanta dama tun watan Disamba, kuma wannan ne karo na farko da waƙar mamaci ta kai wannan matsayi a jadawalin. Daga nan ne mutane da yawa suka yanke hukunci cewa tausayi ne ya sayar da faifan. Ni dai ban gamsu da wannan magana ba, kuma jadawalin kansa ne shaidata.

Kafin wannan waƙa, Otis sarki ne a gidajen rawa da gidajen rediyon baƙaƙen fata, amma a babban jadawali, inda kuɗin fararen fata ke magana, bai taɓa leƙa cikin ashirin na farko ba. "I've Been Loving You Too Long" ta tsaya a na 21 a 1965, "Try a Little Tenderness" kuma a na 25. Abin da ya fi ciwo shi ne "Respect", waƙar da ya rubuta da hannunsa: a bakinsa ta ƙare a na 35, da Aretha Franklin ta ɗauke ta a 1967 sai ga ta a na ɗaya. Ke nan matsalar ba ta rubutu ba ce. Salonsa ne mai zafi, na ɗan coci daga garin Macon na jihar Jojiya, muryar da ke farawa da lallashi ta ƙare da kururuwa, ƙahoni suna mara mata baya.

A shekarar 1967 abubuwa suka fara juyawa, yana raye, yana ji yana gani. A watan Yuni ya hau dandalin bikin kiɗa na Monterey a Kalifoniya, gaban dubban matasa farare waɗanda akasarinsu ba su taɓa ganinsa ba, ya kuwa tashe su tsaye. A wannan shekarar ce masu karanta jaridar Melody Maker ta Birtaniya suka zaɓe shi gwarzon mawaƙa maza na duniya, kambun da Elvis Presley ya riƙe shekara da shekaru. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sabbin masu sauraro sun samu, abin da ya rage shi ne waƙar da za su saya. A watan Agusta, yana zaune a wani gida na kan ruwa a Sausalito, tsallaken San Francisco, ya soma harhaɗa ta da jitarsa, a daidai lokacin da ya ƙwallafa rai kan sabon faifan ƙungiyar Beatles mai suna "Sgt. Pepper". Sai aka yi masa tiyata a maƙogwaro, likitoci suka hana shi waƙa na wasu makonni. Da ya warware ya koma Memphis, suka ƙarasa rubutun tare da makaɗin jita Steve Cropper, aka naɗa ranar 22 ga Nuwamba, aka yi 'yan ƙare-ƙare ranar 7 ga Disamba.

Ku kasa kunne idan mun sa faifan an jima. Jitar bes ta Duck Dunn ce ke buɗewa, a hankali, ga ƙarar igiyar ruwa a ƙarƙashinta. Otis ya shigo da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa. Ƙahonin Stax, waɗanda suka saba tsaga kunne, a nan sun ja da baya, jitar Cropper ce ke amsa masa tsakanin layi da layi. Kuna jiran inda zai ɓarke da kururuwar da aka san shi da ita, ya ɗan ɗaga murya a tsakiya, ya sake saukewa. Inda ya kamata a ji ihu a ƙarshe, sai a ji fito. Duk wannan, in ka cire ƙarar ruwa da kukan tsuntsayen teku da Cropper ya saka daga baya, zaɓi ne da mutum mai rai ya yi da gangan.

Kwana uku bayan naɗin ƙarshe, ranar 10 ga Disamba, jirginsa ya faɗa tafkin Monona kusa da Madison a jihar Wisconsin. Ya rasu yana da shekara 26, tare da matasa huɗu na ƙungiyar Bar-Kays masu yi masa kiɗa. Mai busa ƙaho Ben Cauley ne kaɗai ya tsira a jirgin. To, mai cewa tausayi ne yana da abin kamawa: labarin ya cika jaridu, kuma wata ɗaya bayan haka faifan ya fito. Amma in dai mutuwa ce ke sayar da faifai, me ya hana ta sayar da sauran? A makonninsa na ƙarshe Otis ya naɗi waƙoƙi da dama, aka riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya a 1968, juyayi bai gama hucewa ba. "The Happy Song" ta tsaya a na 25, "Hard to Handle" ko cikin arba'in na farko ba ta shiga ba. Sun koma daidai inda waƙoƙinsa suka saba tsayawa yana raye, domin a tsohon salon aka yi su. Ga kuma Sam Cooke, wanda ya fi Otis karɓuwa wurin fararen fata nesa ba kusa ba: an kashe shi a Disambar 1964, faifansa "Shake" da ya biyo baya ya kai na 7 ne kawai. A wajen Otis kuwa, mamaci ɗaya, masu juyayi ɗaya, amma waƙa ɗaya tak ta haye.

Akwai wani ƙorafin daga ɗaya ɓangaren, na masu kishin kiɗan soul, cewa ai Otis ya tsarma kiɗan baƙaƙe da ruwa don ya shiga kunnen farare. Wannan tsoro har cikin Stax an yi shi. Shugaban kamfanin a lokacin, Jim Stewart, bai yi ɗokin waƙar ba da farko, yana ganin ta kauce wa abin da aka san su da shi. Sai dai baƙaƙen fata ba su juya mata baya ba, ta kai na ɗaya a nasu jadawalin ma. Kuma ku duba abin da take faɗa: mutum ne ya baro gida a Jojiya ya tafi nema har gaɓar San Francisco, bai samu komai ba, ya zauna yana kallon jirage suna shiga suna fita, komawa gida ba ta yiwu ba, ci gaba ma haka. Miliyoyin baƙaƙen da suka yi ƙaura daga kudancin Amurka sun san wannan zama. Sanyin muryar bai rage wa maganar ɗaci ba, ƙara mata ya yi. Tana kan mataki na ɗaya aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu, a Memphis ɗin da aka naɗe ta.

Inda zan ba masu maganar tausayi gaskiya wuri ɗaya ne. Rasuwar ta kawar da jan ƙafar da ake yi a kamfani, ta sa kamfanin Atlantic mai rarraba faifan Stax a lokacin ya matsa a fitar da wani abu nan take, har Cropper ya zauna haɗa sautin cikin kwanakin makoki. Otis bai ji yadda aka kammala ta ba. Amma fitar da faifai daban, ɗorewarsa daban. Juyayi ba ya kai waƙa na 3 a Birtaniya ya kuma ciyo mata lambar Grammy biyu a 1969, sannan ya bi ta har 1999, lokacin da hukumar BMI mai karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu ta sa ta a ta shida cikin waƙoƙin da aka fi sawa a rediyo da talabijin na Amurka a ƙarni na 20. Ga faifan nan, ku saurara ku yanke naku hukuncin.